Fam 41,700 a Landan: Albashin da ke da ƙiba a takarda, ya rame a aljihu

A wannan makon mun ɗauko batun da ake yawan tattaunawa a majalisun unguwa da lokacin tara a makaranta, wato fita ƙasar waje neman aiki, abin da 'yan Kudu suka laƙaba wa suna japa. Da yawanku kuna da yaya ko kawu ko maƙwabci da ya tafi, ko kuma yake ta shirin tafiya, wasunku ma tun yanzu sun fara sa wa rai cewa da zarar sun gama jami'a sai Ingila. Babu laifi mutum ya yi buri. Amma Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, saboda haka ku ɗauko biro da takarda, yau lissafi za mu yi tare.

Mun zaɓi Birtaniya ne domin tana cikin ƙasashen da 'yan Najeriya suka fi nufa, kuma dokokinta a rubuce suke ƙarara, kowa zai iya dubawa.

Mene ne mafi ƙarancin albashin biza?

Tun daga ƙarshen shekarar 2020, lokacin da Birtaniya ke kammala ficewa daga Tarayyar Turai, ta fito da wata biza ta ƙwararrun ma'aikata. Kafin a ba mutum wannan biza sai ya cika wasu sharuɗɗa. Na farko, ya samu aiki a kamfani ko ma'aikatar da gwamnati ta ba lasisin ɗaukar baƙi, kuma su ba shi takardar ɗaukar nauyi. Na biyu, aikin ya kasance cikin jerin ayyukan da aka amince da su. Na uku, ya nuna yana jin Turanci. Na huɗu, wanda shi ne batunmu na yau, albashin da za a biya shi kada ya gaza wani adadi da gwamnati ta yanka.

Wannan adadi bai tsaya wuri ɗaya ba. Da aka fara, fam 25,600 ne a shekara. A watan Afrilun 2023 ya koma 26,200. Daga ranar 4 ga Afrilun 2024 sai ya yi tsalle zuwa 38,700, sannan daga ranar 22 ga Yulin 2025 ya kai fam 41,700. A wannan rana ce kuma aka ɗaga matakin ƙwarewar da ake buƙata, inda akasarin ayyukan da ake ba biza a kansu suka koma na matakin digiri. Dalilin ƙarin a bayyane yake. A 2023 adadin waɗanda suka shiga ƙasar, bayan an cire waɗanda suka fita, ya haura 900,000, lamarin da ya ta da ƙura a siyasar ƙasar. A watan Disamban wannan shekara ministan harkokin cikin gida na lokacin, James Cleverly, ya sanar da tsaurara dokokin, gwamnatin Keir Starmer da ta zo bayansu kuma ta ɗora a kai.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Kowane irin aiki yana da nasa farashin da gwamnati ta rubuta, kuma wanda ya fi yawa tsakanin farashin aikin da mafi ƙarancin nan shi za a biya. Misali, mai rubuta manhajar kwamfuta, tun 2024 farashin aikinsa ya haura fam 49,000. Ke nan ko da kamfani ya yi masa tayin 45,000, wanda ya ɗara 41,700, a tsarin da aka saba bai cika sharaɗi ba.

Kuskuren mayar da fam zuwa naira

Abin da yawancinmu muke fara yi idan mun ji irin wannan adadi shi ne mu buɗe kalkuletar waya. A ce fam ɗaya naira 2,000 ne, domin sauƙin lissafi. Fam 41,700 ya zama naira miliyan 83 da dubu 400 a shekara, wato kusan miliyan 7 a wata. Idan aka ajiye wannan kusa da mafi ƙarancin albashin Najeriya, naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, dole kan mutum ya juya.

Sai dai mai karɓar wannan albashi ba a Kasuwar Rimi ko ta Sabon Gari yake cefane ba. Da fam yake biyan haya, da fam yake hawa jirgin ƙasa, da fam yake sayen burodi. Don haka tambayar da ta dace ita ce: nawa ke shiga hannunsa, nawa kuma ke saura bayan ya biya abin da ya zama dole?

Mu fara da haraji. A Ingila, fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a cire masa haraji. Abin da ya hau kai, har zuwa 50,270, ana cire kashi 20 cikin 100 a matsayin harajin albashi, da kuma kashi 8 cikin 100 na inshorar ƙasa. To ku cire 12,570 daga 41,700, saura 29,130. Kashi 20 na wannan shi ne 5,826. Kashi 8 kuma 2,330. Idan kun haɗa su kun samu 8,156. Abin da ya rage wa ma'aikaci shi ne fam 33,544 a shekara, wato kimanin 2,795 a wata. Wannan ma kafin a cire kuɗin fansho, wanda ake sa ma'aikaci a ciki kai-tsaye sai idan shi ya ce ba ya so. Kun ga tun kuɗin bai shiga asusunsa ba kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi.

Haya, dodon babban birni

Yanzu sai wurin kwana. Alƙaluman Ofishin Ƙididdiga na Birtaniya sun nuna cewa a 2025 matsakaicin kuɗin hayar gida a Landan ya haura fam 2,200 a wata. Ku lura, a wata muka ce, domin can wata-wata ake biyan haya, saɓanin yadda muka saba a nan inda ake biyan ta shekara. A arewa maso gabashin Ingila kuwa, yankin da birnin Newcastle yake, matsakaicin bai kai fam 800 ba. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, amma haya ta kusa ninkawa sau uku.

Mu ɗauki mutum biyu masu albashi iri ɗaya, kowannensu yana karɓar 2,795 a wata. Na Landan ya kama gida a kan 2,200, ya rage masa 595. A cikin wannan zai biya harajin ƙaramar hukuma, da kuɗin wuta da gas, wanda ke tashi sosai a lokacin hunturu saboda ɗumama ɗaki, da kuɗin ruwa, da na mota, da abinci. Idan yana da iyali, kuɗin ba zai kai shi tsakiyar wata ba, sai fa idan matarsa ma tana aiki. Na arewa kuwa, a ce ya kama gida a kan 750, ya rage masa 2,045. Bambancin da ke tsakaninsu fam 1,450 ne kowane wata, alhali takardar bizarsu iri ɗaya ce.

Wannan ne ya sa akasarin matasan da ke aiki a Landan ba sa kama gida sukutum. Ɗaki ɗaya suke kamawa a gidan haɗaka, su riƙa amfani da kicin da banɗaki ɗaya da mutanen da ba su taɓa sani ba. Irin wannan ɗaki ma yana lasar kusan fam 1,000 a wata. Katin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas na wata guda, ga wanda ke zaune ɗan nesa da tsakiyar gari, kimanin fam 200 ne. A ce abinci ya ci 300, waya da sutura da sauran ƙananan buƙatu 100. Jimilla 1,600. Saura 1,195. Gwauro zai iya rayuwa da wannan, har ya ajiye wani abu, ya aika wani gida. Amma ku duba tazarar da ke tsakanin wannan da miliyan 7 ɗin da kalkuleta ta nuna mana da farko, ku kuma tuna cewa wannan mai digiri ne, ƙwararre, yana kwana a ɗaki ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da aka tura Abuja, albashinsa ɗaya da takwaransa da ke Dutse ko Gusau idan matakinsu ɗaya, amma na Abuja sai ka same shi yana zaune a Mararraba ko Suleja, yana sammako kullum, saboda hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa. Abin da ke faruwa a Landan ke nan, kuɗin ne kawai ya bambanta.

Inda gizo ke saƙa

Mafi ƙarancin albashin bizar nan ɗaya ne a duk faɗin Birtaniya, babu na Landan daban, babu na ƙauye daban. Wani zai ce to ai sai kowa ya nufi inda haya ke da araha. Matsalar ita ce a wuraren da rayuwa ke da sauƙi, albashi ma ƙasa yake. A watan Afrilun 2024, matsakaicin albashin cikakken ma'aikaci a ƙasar fam 37,430 ne a shekara. Na Landan ya fi haka, na arewa maso gabas bai kai ba. Wato ana buƙatar baƙo ya samu albashin da ya ɗara na yawancin 'yan ƙasa. Ayyukan da ke biyan haka sun fi yawa a Landan, inda haya ke cinye kuɗin. Inda haya ke da sauƙi kuma, irin waɗannan ayyuka sun fi ƙaranci. Gaba kura, baya sayaki.

Gwamnatin kanta ta san Landan daban take. Ɗalibin da ke neman bizar karatu, daga Janairun 2025, sai ya nuna yana da fam 1,483 na kowane wata idan a Landan zai yi karatu, 1,136 kuma idan a wajen Landan ne, kuma an sake ƙara adadin daga baya. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana ƙara wa ma'aikatanta da ke tsakiyar Landan kashi 20 cikin 100 na albashi, na gefen birnin kashi 15, duk da akwai iyakar da ƙarin ba ya wucewa. Amma a wajen bizar aiki, mudu ɗaya ake auna kowa da shi.

Wasu ƙasashen ma haka suke yi. A Jamus, katin zama na ƙwararru ya buƙaci albashin yuro 48,300 a 2025, ko a birnin Munich mai tsada mutum yake ko a ƙaramin gari. Ostareliya ta ɗaga nata daga dalarta 53,900 zuwa 70,000 a watan Yulin 2023, ta kuma ci gaba da ƙarawa duk shekara. Amurka ce ta ɗan bambanta, domin a bizarta ta H-1B ana duba irin aikin da kuma yankin da za a yi shi, don haka abin da doka ta wajabta a biya injiniya a San Francisco ya fi na ƙaramin gari.

Rangwamen da ke akwai

Ba kowa ake nema ya kai 41,700 ba. Wanda bai kai shekara 26 ba, ko wanda bai jima da kammala karatu a can ba, ana ɗaukarsa sabon shiga, kuma nasa mafi ƙarancin fam 33,400 ne. Sai dai wannan rangwame na shekara huɗu ne kacal, bayan nan sai albashinsa ya kai na kowa. Ku yi lissafin da muka yi a baya za ku ga cewa 33,400 yana komawa kimanin 2,297 a wata, wanda da ƙyar ya haura matsakaiciyar hayar Landan.

Likitoci da ma'aikatan jinya suna da tasu bizar ta lafiya, kuma ana bin tsarin albashin gwamnati ne a kansu. Sabuwar ma'aikaciyar jinya a NHS ta Ingila tana farawa da fam 31,049 a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026. A nan akwai abin da ya shafe mu kai-tsaye. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalai su je waɗannan ƙasashe farautar ma'aikata, ko da yake mutum na iya neman aikin da kansa. Duk wanda ya taɓa bin dogon layi a asibitin garinsu ya san dalilin wannan ƙa'ida.

Ita kuwa hanyar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidaje, wadda dubban 'yan Najeriya suka bi a 'yan shekarun nan, an fara hana masu binta tafiya da iyali daga ranar 11 ga Maris ɗin 2024, sannan aka rufe ɗauko sababbi daga waje daga ranar 22 ga Yulin 2025. Duk wanda ya ce muku zai samo wa wani irin wannan biza daga nan gida a yanzu, ku san da walakin.

Kuɗin da ake kashewa kafin a taka jirgi

Tun kafin albashin farko akwai ɗawainiya. A farashin Afrilun 2025, kuɗin bizar shekara uku fam 769 ne. Sai kuɗin lafiya, fam 1,035 na kowace shekara, kuma gaba ɗaya ake biya tun a farko, wato 3,105 na shekara uku, in ban da masu bizar lafiya da aka yafe wa. Sannan sai mutum ya nuna yana da fam 1,270 a asusunsa na tsawon kwana 28 a jere, sai dai idan mai ɗaukarsa aiki ya tsaya masa. Waɗannan uku kaɗai sun kai fam 5,144, wato sama da naira miliyan 10 a canjin da muka ɗauka. Ba a sa jarrabawar Turanci ba, ba a sa gwajin tarin fuka da ake wajabta wa masu zuwa daga Najeriya ba, ba a sa tikitin jirgi ba. Da isa kuma mai gida zai nemi hayar wata guda da kuɗin ajiya, wanda doka ta yarda ya kai na mako biyar. Idan da mata da 'ya'ya, kowane kai yana da nasa kuɗin biza da na lafiya.

Bayan haka, mai wannan biza ba ya da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati na marasa aiki ko na haya. Bizarsa a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi. Idan aikin ya ƙare ko kamfanin ya rasa lasisinsa, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara ya bar ƙasar. Wannan ya faru da mutane da yawa. Gwamnatin Birtaniya ta bayyana cewa daga Yulin 2022 zuwa Disamban 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Cikinsu akwai waɗanda iyayensu suka sayar da fili ko gona suka biya dillali, suka isa suka tarar babu aikin. Ku riƙe wannan da kyau: takardar ɗaukar nauyi ba hajar sayarwa ba ce, mai ɗaukar aiki ne doka ta ɗora wa biyan kuɗinta. Sunayen kamfanonin da ke da lasisi suna nan a shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, kyauta ake dubawa, haka ma adadin albashin da ake nema, wanda kamar yadda kuka gani yana sauyawa kusan duk shekara.

Abin da ya rage gare ku

Ku da kuke aji huɗu ko biyar ko shida na sakandare, kafin ku gama jami'a waɗannan alƙaluma sun sauya. Abin da muke gani dai shi ne inda aka dosa: ƙofar tana ƙara tsukewa ga mara sana'a, tana neman mai ilimi mai zurfi da Turanci mai kyau. Saboda haka darasin lissafi da na Turanci da na kimiyya da kuke zama a yau su ne jarinku, ko kun fita ko kun zauna. Ƙwarewar da za ta sa kamfani a Landan ya biya mutum fam 41,700 ita ce dai za ta sa a neme shi a Kano ko Legas, ko ma ya yi wa kamfanin waje aiki ta intanet yana zaune a gidansu.

Na biyu, ku koyi tambaya uku a duk lokacin da aka ambaci albashi, a ko'ina ne: nawa ne bayan haraji, nawa ne haya a garin, nawa zai saura? Wannan zai yi muku amfani ranar da za a ba ku zaɓi tsakanin aiki a Abuja da aiki a Katsina.

Na uku, ku tausaya wa 'yan uwanku da ke can. Idan yayanku ya ce ba shi da halin aiko da kuɗin sabuwar waya a wannan watan, kada ku yi saurin cewa rowa ce. Hoton da ya ɗauka a gaban gadar Landan ba ya nuna takardar kuɗin wutar da ke jiran sa a ɗaki.

Ga aikin gida na wannan makon. Ma'aikaciyar jinya tana karɓar fam 31,049 a shekara. Ku bi matakan da muka bi: ku cire 12,570, ku fitar da kashi 20 da kashi 8 na abin da ya rage, ku cire su daga albashin, ku raba gida 12. Sannan ku gaya mana nawa zai rage mata a wata idan ta kama ɗakin fam 1,000, nawa kuma idan ta kama gidan fam 750. Ku nuna wa malamin lissafinku ya duba, ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in da rai da lafiya.